Dogon Idon Yaya Sale

Ku da kuka san Yaya Sale Mai Hoto, kun san ba ya amsa gaisuwa haka kawai. Sai ya tsaya, ya naɗe yatsunsa kamar bututu, ya ɗora a idon dama, ya leƙe ka tun daga hula har takalmi. Sa'an nan ya ce, "Matsa hagu kaɗan, rana ta cinye maka kunne." In ka matsa, sai ya ce, "Yawwa! To, ina kwana?" Limamin unguwarmu ma bai tsira ba. Sau nawa na ga Malam yana matsawa hagu a ƙofar masallaci, yana girgiza kai yana salati!

Ni ne ƙanensa Audu, uwa ɗaya uba ɗaya. A lokacin da nake ba ku labari ni akawu ne a ofishin kaya na tashar jirgin ƙasa ta Minna, shi kuma shagonsa na bayan tasha. Akwai labule mai zanen bene, da kujera, da tulun furen roba, kuma duk ya tsane su. Cewa yake, "Mutum na ganin kyamara sai ya ƙame kamar an jiƙa shi da sitaci."

Wani malamin makaranta ya taɓa zuwa cikin kwat, yana son hoton da zai aika wa budurwarsa a Bida. Ya zauna, ya turo ƙirji, ya ɗaure fuska. Yaya ya shige cikin baƙin ƙyallen kyamara, ya yi shiru. Malami ya jira, gumi ya keto masa. Da ya gaji, sai ya saki kafaɗa, ya kai hannu yana sosa ƙeya. Ƙyas!

"Haba, Malam Sale! Ai ban shirya ba!"

"Shi ya sa. Wancan mai shirin ban san shi ba, ita ma yarinyar ba ta san shi ba."

Malami ya tafi yana ƙunƙuni, amma hoton ya aika. 'Ya'yansu bakwai, kun san wasunsu.

Maganar Dogon Ido kuwa, ni na jawo ta. Wata la'asar na sayo mana tsire, mai tsire ya naɗe shi a shafin wata mujallar Turawa. Muna ci, sai Yaya ya riƙe mini hannu. A ƙarƙashin yajin akwai hoton wani abu baƙi, dogo, kamar guntun taɓarya.

"Akawu, karanta mini wannan."

Na karanta ina fassarawa. Wani kamfani ne na ƙasar waje ke sanarwa ya ƙera sabon gilashin kyamara, mafi kyau a cikin kayansa. In ka murɗa shi, abin da ke nesa sai ya taho har gabanka. In ka mayar, ya koma. Mai hoto ba sai ya ɗaga ƙafa ba. Baɗi za a fara sayarwa.

"Sake karantawa."

Sau uku na karanta. Tsire ya huce, bai ƙara kai hannu ba. Washegari ya goge takardar da dutsen guga, ya sa ta a gilashi, ya rataye a shago da tabon mai da komai. Shi ya raɗa wa abin suna Dogon Ido.

Ya sa ni na rubuta wa wani kanti a Ikko. Bayan wata biyu amsa ta zo: kayan bai shigo ƙasar ba tukuna, kuma ko ya shigo ba zai hau tsohuwar kyamararsa mai ƙafafu ba, sai ƙaramar nan ta ratayawa. Na ce alhamdu lillahi, magana ta ƙare. Ashe yanzu ta soma! Kafin mako ya zagayo ya ba wani Bature injiniya da zai bar gari kekensa da rediyonsa, ya karɓi irin kyamarar. Tun daga ranar Yaya a ƙafa yake yawo. Ya kuma sa na sake rubuta wa kantin, a aiko masa da abin da zarar ya shigo.

Na ce, "Yaya, abin fa bai ma shigo ƙasar ba."

Ya ce, "To so kake ya zo ya tarar ban shirya ba?"

Ya daina cin goro, ya rage nama, duk don tanadi. Ya kai wa baduku awo, aka ɗinka jakar fata ja, har da ƙulli. Takardar ta faɗi nauyin abin, saboda haka ya yanko gora, ya ɗura mata yashi, ya zo ya auna ta a sikelin ofishina yana ragewa yana ƙarawa, mutane na layi da buhunan gyaɗa suna kallo. Wai hannunsa ya saba, kada ya yi rawa ranar aiki.

Kowace Lahadi sai ya taka har Chanchaga da gorarsa, ya tsaya a bakin kogi gefen gonar abokinsa Yohanna, ya saita ta tsallake. Yohanna manomi ne, Bagware, mutum mai barkwanci. Ya dawo daga coci ya tarar da shi a haka.

"Sale, wannan bindiga naka ba ya da harsashi?"

"Hoto nake ɗauka."

"Ina hoton?"

"Yana hanya."

Shi ke nan fa, magana ta shiga gari. Albashi ya makara, ruwan sama ya ƙi zuwa, miya ba ta nuna ba, sai a ce, "Yana hanya, in ji Sale." Yana ji, ko a jikinsa.

Ni ma ina cikin masu dariyar, sai ranar da na gane dalilinsa. Muna zaune a zaure da hantsi, muna hango mahaifiyarmu, Inna, can a ƙofar ɗakinta tana kaɗi, tana 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa. Yaya ya taɓa ni.

"Dubi fuskar nan, Audu. Babu wanda ban ɗauka ba a garin nan, ban da ita."

Gaskiya ne. Inna na ganin kyamara sai ta ja mayafi har hanci. Ba wai tana ganin haramun ne ba, ita dai ta ce ba za a rataye ta a bango kamar faifai ba.

Ya rage murya ya ce, "Da Dogon Ido, daga nan zauren ma ya isa. Ba za ta sani ba."

Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, da yake ɗan fari ne. Ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, "Kai wannan, ina jin ka. Ko daga kan dutse ka leƙo, ƙeyata za ka samu." Sai dariya ta kama ta, ta yi ta yi har mazari ya suɓuce ya gangara tsakar gida, tana share hawaye da bakin zane. Hannun Yaya babu komai. Ya tsaya yana kallonta, can ya ce a hankali, "Ka gani? Wannan nake nufi."

Baɗi ta zo, ta wuce. Aka shiga yaƙin basasa, kayan ƙasar waje suka yi wuya, jirage suka cika da sojoji. Samari suka riƙa zuwa shagonsa cikin sabon kaki, su ɗauki hoton da za su bar wa iyayensu. Su kaɗai ne bai taɓa sa su jira ba. Ya ce ba su da lokaci. Duk ranar da jirgin Ikko ya iso kuwa, sai in gan shi a tagar ofishina. Ba ya tambaya. Ya dube ni, in girgiza kai, ya ce, "To," ya juya.

A damina ta biyu ta yaƙin, zazzaɓi ya kwantar da Inna. Kwana biyar ta yi, Allah ya karɓi abarsa. Bayan an share makoki na same shi a shago, yana zaune ƙarƙashin takardar nan tasa.

Na ce, "Yaya, bari in rubuta wa kantin nan na Ikko a fasa."

Ya ɗaga kai ya dubi takardar. Sa'an nan ya ce, "Bar shi, Audu. Akwai iyayen wasu."

Daga nan idonsa ya soma ciwo. Yanar ido ce ta fito masa, fara, ta fara da na daman da yake aiki da shi. Hotuna suka riƙa fitowa dishi-dishi. Da farko ya ɗora wa ruwan wankin hoto laifi, ya ɗora wa takarda. Wata rana wata mata ta dawo masa da hoton ɗanta, ta ce, "Baba, ban gane shi ba." Bai yi musu ba. Ya ba ta haƙuri, ya rufe shago da wuri. Bayan haka ba kullum yake buɗewa ba.

Yaƙi ya ƙare, aka ƙara shekara guda da wani abu. Ran nan ina duba takardun kaya, sai ga sunansa a jikin wani akwatin katako. Wallahi sai da na zauna. Ban ba ɗan dako ba, ni na ɗora shi a ka, da kwat ɗina da komai, na ratsa kasuwa, mutane na tambaya ko lafiya.

Yaya ya buɗe da kansa. Ya shafa abin daga baki har gindi, ya sansana, ya ɗaga ya sauke.

"Gorata ta ɗan fi shi nauyi. Akawu, sikelinka ba shi da gaskiya."

Da lalube ya ɗaura shi a kyamara, bai yi kuskure ba ko kaɗan. Ya fita ƙofar gida, ya kai ido, ya murɗa gaba, ya murɗa baya. Ya daɗe a haka. Da ya sauke, na ce, "Yaya, me ka gani?"

"Fari fat. Kamar an zuba nono." Ya gyara murya. "Jibi Lahadi, ba ka da aiki. Kai za ka duba mini."

Muka tafi Chanchaga, ina riƙe da hannunsa. Yohanna na hango jar jakar ya ajiye fartanya.

"Sale! Ya iso?"

"Ya iso."

Yohanna bai yi dariya ba. Hularsa ya cire.

Na kai ido kamar yadda Yaya ya koya mini, na murɗa. Sai da na ja da baya! Tsallaken kogi ya taso mini gaba ɗaya. Ga wata tsohuwa a kan dutse tana ɓarar gyaɗa, har tamojin fuskarta ina gani. Yohanna ya ce uwarsa ce, kuma ya yarda a ɗauka, don su ma ba su da hotonta.

"Kada ka taɓa komai," in ji Yaya. "Me take yi?"

"Ɓara take."

"Jira."

Abin ya yi mini nauyi, ni da ban taɓa ɗaga gora ba. Ya sa kafaɗarsa ƙarƙashin abin, na ɗora.

"Yanzu fa?"

"Kaza ta zo tana satar gyaɗar. Ta kore ta. Ta dawo. Yaya, tana dariya!"

"Danna!"

Tare muka wanke shi, yana ƙirga lokaci da baki, ni ina tsomawa. Ya ɗan karkace, laifina ne, amma tsohuwar ta fito ras, baki buɗe, hannu a sama. Ya sa na faɗa masa komai, har yawan haƙoranta. Yohanna ya karɓa da hannu biyu. Ita kuwa da aka nuna mata, ta duba ta duba, ta ce, "Wace ce wannan tsohuwa?"

Haka muka yi ta yi, Lahadi bayan Lahadi, Shango, Tagwai, duk inda ɗa ya ce a zo a ɗaukar masa uwa ko uba. Bai taɓa karɓar ko kwabo a kan waɗannan ba. Na san wasu daga cikin hotunan suna rataye a ɗakunanku yanzu haka.

Bai cika shekara ba bayan nan ya kwanta. Ranar da zai rasu, da azahar, ya yafito ni. Na sunkuya, na ce wasiyya ce.

Ya ce, "Akawu, an ce sun fito da wani sabo, ya fi wannan tsawo. Ka ɗan rubuta musu."

Na yi dariya, hawaye na zuba a kan hannunsa. Shi ma ya yi murmushi. Kafin la'asar ya cika.

Allah ya jiƙan Yaya Sale, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka masa kabarinsa. Ya Ubangiji, bawanka ya yi jira mai tsawo bai taɓa ƙosawa ba. Ka buɗe masa idonsa, ka nuna masa alherinka kusa da kusa. Amin.