Butar Kansila

Ƙanena kurma ne, yana kuma da farfaɗiya, amma a noman masara ba ya bin bayan kowa. Da ciwon ya matsa masa, aka ba Baba shawarar wani gidan magani a bayan gari. Da ƙafarsa ƙanena ya shiga gidan nan.

Da muka je dubiya muka tarar da shi da mari a ƙafa, ƙarfen ya ci nama har ƙuda na bi. A ɗakin akwai wani makaho da wasu masu taɓin hankali, duk a ɗaure. Baba ya ce a ba shi ɗansa, mai gidan ya ce magani bai gama aiki ba, ya sa ƙartinsa suka rako mu waje.

Sai muka nufi kansilan mazaɓarmu, wanda katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu. Ya dafa ƙirji ya ce wa Baba, "Baba, ai wannan yaron ƙanena ne. Ranar da za a kawo maganar bincike majalisa, hannuna ne zai riga na kowa tashi."

Na je ranar, na zauna a bencin baƙi. Kansilan wata mazaɓa ya kawo ƙudurin a tura kwamiti ya buɗe gidan. Namu yana zaune cikin shadda mai sitaci, yana ta gyaɗa kai kamar ƙadangare. Ana cewa a ɗaga hannu, sai ya sunkuya ya jawo buta daga ƙarƙashin kujera, ya lallaɓa ya fita, alhali ko azahar ba ta yi kusa ba. Hannuwa suka zo kunnen doki, aka ɗage magana.

A zama na gaba ma da na bayansa, alwalar bawan Allahn nan ba ta taɓa karyewa sai an zo kan ƙanena. Kowa ya san mai gidan marin yana kawo ƙuri'un unguwa guda. Waɗanda suka ce a'a a fili ban ji haushinsu kamar nasa ba. Shi na raina, har gobe kuma ina raina shi, don yana zagayawa majalisun shayi yana rantsuwa cewa bai taɓa jefa ƙuri'ar hana bincike ba, kuma ba ƙarya ya yi ba.

Sai bayan an girbe dawa aka sako mana ƙanena, da suka ga ƙafar ta ruɓe. A asibitin Funtua aka yanke ta. Kurame suna da alamar hannu da suke kiran kowa da ita, da na ba ƙanena labarin majalisa sai ya raɗa wa kansila tasa: hannu a lanƙwashe, ana tsiyaya ruwa.

Da zaɓe ya ƙarato, sai ga kansila a ƙofar gidanmu da keken guragu, hotonsa manne a baya, da mai ɗaukar hoto a gefe. Ya ce da ni, "Malam, faɗa masa ban manta da shi ba."

Ban faɗa ba. Ƙanena ya dube shi daga hula har takalmi, ya ja jiki a kan tabarma, ya ɗauko butar Baba ya miƙa masa. Kansila ya karɓa yana murmushi, aka ɗauki hoton.