Sabulun Bikin Autarmu

Shekarun baya can, lokacin ina ganiyar son a ce ni ma ina da sana'ar hannu, na shiga ajin koyon haɗa sabulu na sati biyu. Na fito da takardar shaida, da sikeli, da wani girman kai da ya fi ƙarfin abin da na koya. Muna zaune a Nassarawa GRA a lokacin, cikin tsofaffin gidajen nan masu faɗin fili da bishiyoyin mangwaro. A ɗakunan baya direban maigidana yake zaune da matarsa.

Matar 'yar wani ƙauye ce a Jigawa, ba ta yi boko ba. Ni na jawo ta cikin harkar, kuma ba don Allah ba, don dai juya sabulu yana cin kafaɗa. Ina aunawa ina zuba bayani kamar malamar jami'a, ita tana juyawa da muciya tana cewa, "To, Anti." Bayan wata uku ta roƙe ni ta gwada nata da ragowar mai. Na ce bismilla, a raina ina cewa za ta gane shayi ruwa ne.

Ni na gane. Sabulunta ya fito sumul, ga kumfa, ga shi ba ya busar da fata. Ko sikeli ba ta da shi, gwangwanin madara ne ma'auninta, sai ido da hanci. Nawa kuwa ba laifi, kuma iyakarsa ke nan.

Da abin ya tsaya nan da na haɗiye. Sai mahaifiyata ta zo mana kwana biyu. Tsohuwar shugabar makaranta ce, mai rowar yabo ta bugawa a jarida. In ka kawo mata tara cikin goma, ɗayan da ka rasa za ta tambaya. Ta fito daga wanka tana shafa hannu ta ce, "Sabulun nan na bayi, ke kika yi?"

Na ce, "A'a Umma, matar direba ce."

Ta ce, "Ai na faɗa. Yarinyar nan tana da hannu."

Jama'a, shekara talatin da ɗoriya ina 'yarta, ban taɓa jin ta faɗi haka a kaina ba. Daga ranar duk wanda zai zo daga gida sai an ba shi saƙo a karɓo mata "na yarinyar nan". Ni kuwa ƙyashi ya shige ni, ba zan yi muku ƙarya ba. Gaisuwarta ta safe ta fara ba ni haushi. Shanyar kayanta ta fara tare min iska. Baiwar Allah ba ta san ma ana yaƙi da ita ba.

Ana haka bikin autarmu ya taso. Umma ta yanke cewa sabulu za a raba wa matan da suka zo walima, guda ɗari biyu, kuma a ba yarinyar nan ta yi. Na ji kamar an watsa min ruwan zafi. Na ce, "Haba Umma, ni fa na koya mata!"

Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "To ki yi. Amma kada ki kunyata ni a gaban mutane."

Na kulle kaina a sito, ni kaɗai, ko muciya ban yarda matar direba ta taɓa min ba. Na ƙudurta nawa sai ya fi nata nesa ba kusa ba. Man alayyadi muke amfani da shi kullum, sai na ce wannan man talakawa ne, na maye gurbinsa da man kaɗanya zalla. Na zuba turare mai tsada, na sa kala ruwan hoda. Soda kuwa na auna daidai yadda take rubuce a littafina, ban rage ko ƙwaya ba.

Da na zo yankawa sai ga shi yana marmashewa kamar gireba, ga wani farin gari a samansa. Na lallashi kaina cewa zai kwanta in ya sha iska. Bayan kwana goma na ɗauki guda na wanke hannu. Wayyo Allah! Kamar na cusa hannun cikin dakakken barkono. Washegari tsakanin yatsuna ya saɓule. Saura kwana goma sha biyu biki, ni kuma ina zaune da abin da zai saɓule fuskar ƙawayen Umma ɗari biyu.

Na yi tunanin in sayo a kasuwa in sauya leda, amma hancin Umma ba ya kuskure. Kwana biyu ina yawo da hannu cikin mayafi. A rana ta uku matar direba ta shigo gaisuwa, idonta ya sauka a kai.

"Anti, me ya sami hannunki?"

"Tukunya ce."

"Wannan ba ƙunar wuta ba ce, Anti. Soda ce." Ta miƙe ta ce, "Nuna min sabulun."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Na buɗe mata siton. Ta gutsiri kaɗan ta ɗan taɓa a bakin harshe, ta tofar da sauri. Ta tambaye ni man da na sa, na faɗa mata.

Ta ce, "Ayya. Ai kaɗanya ba ta shan soda kamar alayyadi. Sodar ce ta rasa man da za ta ci, shi ya sa take cin mutum. Amma kada ki damu, kakata in sabulun tokarta ya yi cizo, wuta take mayar da shi."

Kwana uku muka yi a gindin mangwaron baya. Muka goge sabulun kaf da magogin kuɓewa, ni da safar hannu biyu saboda ciwo. Muka ɗora tukunyar biki a kan gawayi, wuta kaɗan-kaɗan, muka yayyafa ruwa muka rufe har ya narke ya koma kamar talge. Sai ta riƙa ƙara mai ludayi-ludayi, ta ɗebo kaɗan ya huce, ta taɓa a harshe, ta girgiza kai, ta ƙara. Sai da cizon ya mutu sannan muka juye a mazubi, muna buga shi a ƙasa don iska ta fita. Wannan karon ni ce a kan muciya, ita ce mai cewa, "Juya ta ƙasa, Anti, zai kama."

Kun san wani abu? Ko a lokacin, tana ceton mutuncina da harshenta da ya yi jawur, wani ɓangare na zuciyata yana fatan ko tukunya ɗaya ta ƙi yi mata. Allah ya yafe mini. Babu wadda ta ƙi.

Ruwan hodar nan ya koma kalar ƙasa-ƙasa, turaren mai tsada ya bi hayaƙi. Amma sabulu ya yi laushi a fata kamar ba shi ne mai cizon nan ba.

Ana jibi biki Umma ta zo dubawa, muna zaune muna sa shi a leda. Ta ɗauki guda ta shiga bayi. Ta daɗe. Da ta fito ta ce, "Kalar dai ba ta yi ba." Na sunkuyar da kai. Sai ta ce, "Amma sabulu ya yi. Ya ma fi na yarinyar nan. Sannu da ƙoƙari, kin fitar da ni kunya."

Yarinyar nan tana zaune a gefena da leda a hannu. Ta ɗago ta ce, "Wallahi Hajiya, Anti ta sha wahala a kansa." Ba ta yi ƙarya ba. Ni ce na buɗe baki zan faɗi gaskiya, daɗin yabon ya riƙe min harshe, na ce, "Na gode, Umma."

Daga baya mijin yarinyar nan ya sami aiki a wata masana'anta a Dakata, suka koma Kaura Goje. Umma kuma ta daina karɓar kowane sabulu sai "naki na bikin nan". Na gwada ya fi a ƙirga, bai taɓa fitowa haka ba. Don haka duk bayan 'yan watanni sai in ɗauki mota in nufi Kaura Goje, ta haɗa min, har kalar ƙasar take yi da gangan. Haka muka yi ta yi har Allah ya karɓi ran Umma, ba ta sani ba. Allah ya jiƙanta.

Abin yana cina har yau. Yabo mafi girma da na taɓa samu daga bakin mahaifiyata na wata ne, na karɓe na riƙe. Bayan addu'ar arba'in na je na sami matar direban tana yanka sabulu a tsakar gida, na ce ta yafe min. Na tambaye ta ko abin bai taɓa yi mata ciwo ba.

Ta yi dariya ta ce, "Wane ciwo, Anti? Ni innata ko wanke-wanke na yi sai ta yabe ni, har na ƙoshi tun ina ƙarama. Ke na ga kina jin yunwar yabon."

Na koma mota na zauna, na kasa tayarwa. Na zo neman gafara a kan sabulu, ga shi zan koma gida ina ƙyashin innarta.