Babban Yatsan Kawu Kumfa

Kawuna mai wanki da guga ne, ƙanen mahaifiyata, kuma tun kafin a haife ni ake ce masa Kumfa. Rumfarsa tana bakin wata rijiya a ƙarshen ƙauyenmu. Akwai manyan bahuna a ƙasa, da dutsen guga na gawayi, da tebur mai gajeriyar ƙafa ɗaya wadda ya tokare da rabin bulo. Igiyoyin shanya sun tashi daga rumfar har bishiyar bakin hanya. Malaman makaranta da direbobi da ma'aikatan ƙaramin asibitinmu duk a nan suke kawo kaya. Ni kuma Malam Digiri yake ce min, tun ina aji biyu a jami'a.

Filin da rijiyar ba nasa ba ne, haya yake. Burinsa ɗaya tun yana saurayi, ya mallaki wurin, domin mai wankin da ba shi da rijiya duk abin da ya samu mai sayar da ruwa yake yi wa. Da can a gwangwani yake tari. Da aka buɗe ƙaramin banki kusa da kasuwa, ɗaki ɗaya da kanta da benci, sai ya kwashe ya kai can. Duk ranar kasuwa yakan je da hannunsa jiƙe ya ajiye ɗan abin da ya rage.

Bana tsohon da ke da filin ya rasu, 'ya'yansa suka ce za su sayar. Sun yi wa Kawu kara, suka ce shi ne farko, amma ya kawo kuɗin kafin su koma birni bayan girbi. Abin da ya tara ya isa. Matarsa, wadda nake kira Inna, ta ce ranar har waƙa ya yi a kan baho.

A lokacin ne sabuwar doka ta zo daga hukumar da ke sa ido kan ƙananan bankuna. A wasu wurare an kama ma'aikata suna buɗe asusu da sunan matattu suna cin bashi, wasu kuma suna cire ajiyar tsofaffi da sa hannun ƙarya. Sai aka ce kowa ya ɗora babban yatsansa a na'ura a ɗauki zanensa, wanda bai yi ba asusunsa a rufe yake. Na ga dokar da kyau, har yanzu ma ban ce ba ta da kyau ba. Na gama karatu ina zaune a gida, sai bankin ya ɗauke ni aikin wucin gadi, ni ne mai riƙe na'urar.

Kawu ya zo ya zauna gabana yana goge hannu a riga.

"Malam Digiri, yau kai ne gwamnati. A ina zan dangwala?"

"A nan, Kawu. Ka danna a hankali."

Fitilar na'urar ta kawo ja. Muka sake, ja. Muka gwada na hagu, muka bi sauran yatsun ɗaya bayan ɗaya. Na kama hannunsa na juyo shi wajen taga. Yatsun sumul suke kamar bayan cokali. Sabulu da cuɗa da zafin dutsen guga sun cinye zanen tas.

"Abin naka bai ci abinci ba ne," in ji shi. Matan da ke kan benci suka yi dariya. Ni ma na yi.

Manajarmu mace ce mai haƙuri. Ta karanta umarnin a gabanmu har ƙarshe. An yi tanadi ga wanda ya rasa yatsu ko hannu, za a ɗauki hotonsa da shaidar likita. Ba a ce komai ba kan mai yatsu goma cif waɗanda na'ura ba ta gani.

"Baba, da a ce ba ka da yatsan ma, da yau ka tafi da kuɗinka," ta ce, sai ta ji nauyin abin da ta faɗa ta sunkuyar da kai.

"To 'yata, ko akwai wuƙa a ofishin nan?"

Ba wanda ya yi dariya. Manaja ta ce za ta aika da maganarsa hedikwata, su kuma su tambayi hukuma, amma ba ta san ranar da amsa za ta zo ba.

Wata ma'aikaciyar jinya da yake yi wa wanki ta ce masa zanen yakan dawo idan hannu ya huta da sabulu. Kawu ba zai iya hutawa ba, gidan da wankin yake ci, masu kaya kuma ba sa jira. Sai shi da Inna suka yi dabara. Tunda yatsa ɗaya ake nema, shi kaɗai zai huta. Ta shafa wa babban yatsansa na dama mai, ta naɗe da tsumma, ta sa leda a kai, ta ɗaure gindin da roba don kada ruwa ya shiga. Haka ya riƙa cuɗa da yatsu tara, wancan a tsaye kamar mai tsayar da mota. Direbobi suka riƙa tsokanarsa.

"Kumfa, yaya jikin ango?"

"Yana hutawa. Shi ne mai kuɗin gidan, mu 'yan aikinsa ne."

Ba ya kwance shi ko zai kwanta. Inna ta ce in aka buɗe, iska za ta ɓata abin da ya fara fitowa. Na ga ɗaurin sau da yawa, na kuma ce Allah ya sa a dace, don ni ma ban san komai ba game da fata.

Da 'ya'yan marigayin suka aiko cewa sun fara ɗaure kaya, Kawu ya zo banki da Inna a bayansa. A gabana ta kwance robar. Wari ya fara fitowa. Gumi da ruwan da ya riƙa silalewa ciki sun jiƙa yatsan, ya yi fari fat, ya tattare, fatar tana saluɓewa tare da tsumman. Na hagun kuma, da ya ɗauki aikin biyu, duk ya tsattsage.

"Ɗora mana, Malam Digiri," ya ce a hankali.

Na ɗora. Na danna shi a hankali. Ja. Na goge gilashin na'urar da gefen rigata, na sake. Ja. A allon da ke gabana ina ganin sunansa da ajiyarsa, ba abin da ya taɓa ta. Manaja ta kira hedikwata, aka ce maganar tana kan tebur. Ta roƙa a ba shi rance a madadin, aka ce rance ma sai da yatsa.

Inna ta tattara tsumman da ledar ta cusa a jaka, ban san me za ta yi da su ba.

Wani mai buga bulo ne ya sayi filin, saboda rijiyar. Bai yi wa Kawu wulaƙanci ba, har ya ba shi aron kura ya kwashe bahunansa. Yanzu a bayan gida yake wanki, yana sayen ruwa jarka jarka, kuma ya rage karɓar manyan kaya don ba wurin shanya. Teburin ma ya bar shi can, ya ce ba inda zai tsaya.

Aikina na wucin gadi ya kusa ƙarewa, amsar hedikwata ba ta zo ba. Duk ranar kasuwa Kawu yana zuwa ya bi layi, ya zauna gabana ya miƙo hannu. Ya daina ce min gwamnati. Ina jin muryarsa a bakin ƙofa yana gaisawa da mutane, sai in fara goge gilashin.