Wakilin Baba a Bakin Tekun Bali

Ina tsakiyar ɗure turaren humra a kwalabe, odar wata amarya ta unguwar Abbaganaram, saƙon ƙanena ya shigo. Autanmu ke nan, wanda ke karatu a Indonesiya. Ya ce, "Yaya, ranar Asabar na ɗauki mota da direba, ni kaɗai. Wuni guda za a zaga da ni bakin teku da tsofaffin wurare na tsibirin Bali. Ki riƙe min Baba a gida."

Na ce, "Ka san Baba ko zazzaɓi ba ya hana shi kasuwa."

Ya ce, "Shi ya sa ke na turo wa, ban tura wa Iya ba."

Na gane abin da yake nufi tun kafin ya ƙarasa. Mu asalinmu masunta ne, a Baga aka haife mu. A gidanmu akwai wata al'ada tun kakanni: ɗa namiji ba ya sa ƙafa a babban ruwa sai ubansa ya kama hannunsa ya shigar da shi, ya yi bisimilla, ya ɗebo ruwan ya zuba masa a ka. Daga ranar ya zama na ruwa, ya shiga jirgi, ya yi iyo, ba mai ce masa kanzil. Auta yana dab da a yi masa nasa, sai rikici ya taso mu. Muka baro jirgin Baba a ɗaure a bakin tafki, muka zo Maiduguri, muka kama haya a Lamisula. Baba ya koma sayar da banda a kasuwar kifi ta Baga Road. Kifin tafkin yana wucewa ta hannunsa kullum, amma sunan tafkin ba ya fita daga bakinsa. Ko yawon sallah aka ce a je dam ɗin Alau a ga ruwa, cewa yake yana da uzuri.

Ranar da Auta zai tafi ya durƙusa ya ce, "Baba, an ce can ko'ina ruwa ne." Baba ya ce, "Idan mun koma gida ni zan shigar da kai da hannuna. Kafin nan kada ka taɓa." Yaron nan ya riƙe maganar. Abokansa na zuwa wanka a teku, shi ne mai gadin takalma da wayoyi. Mu kuwa duk mun san ba wata komawa da za a yi nan kusa, Baba ma ya sani, faɗa ne ba ya so.

Ranar Juma'a da daddare na cika wayata da caji, na aro ƙaramin batirin caji wurin maƙwabciyarmu, malamar firamare 'yar kudancin Borno. Ta ce, "Idan kin ga teku ki gaishe min da shi, ki ce ina nan tafe idan na yi ritaya."

Su can suna gaba da mu sosai, muna sallar asuba su har sun ci abincin rana. Baba ya dawo daga masallaci, ya sa hularsa, ya ɗauki jakarsa. Na ce, "Baba, Auta ne a waya, kiran bidiyo." Ya ce, "Ki gaishe shi, Uwata." Haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa aka sa min. Na ce, "Shayinka fa na zuba, da citta." Na jingina wayar da fulas ɗin, daidai gaban tabarmarsa. Ya dube ni, ya dubi kofin. Ya zauna.

Abu na farko da muka gani Auta ne ɗaure da zani.

Iya ta saki muciya ta taho. "Innalillahi. Karatun ke nan?"

"Iya, doka ce. Wurin ibadarsu ne, kowa sai ya ɗaura, har Turawa."

"To gyara ɗaurin, ta hagu ake kai shi. Ka kunyata ni a ƙasar mutane."

Ya juya wayar ya nuna mana wata ƙofa ta baƙin dutse, doguwa, kamar an tsaga ta gida biyu an ja kowane ɓari gefe. Duk jikinta sassaƙa. A ƙasa kuma wasu 'yan ƙananan faifai na ganye, an zuba furanni da 'yar shinkafa, an soka tsinken turare yana hayaƙi. Ya ce haka suke ajiyewa ko'ina kowace safiya, har gaban shago, kuma ba a takawa. Ya ce shi iyakarsa farfajiya, can ciki na masu ibada ne. Ni hankalina na kan turaren. Na ce ya shinshina min ya gaya min ko da sandal a ciki. Ya ce, "Yaya, ko a Bali sai kin yi kasuwa?"

Sai ga wata fuska ta leƙo, dattijo mai furfura da ɗan ƙyalle naɗe a ka. Direban ke nan. Ya haɗa tafukansa a ƙirji ya rusuna mana. Iya ta ja mayafi ta ce, "Wushe, sannu da ɗawainiya." Bai ji ba amma ya yi murmushi, ya nuna idon Auta yana wata magana da sauri. Auta ya cire tabarau ya cusa a aljihu. Wai birai ne a wurin, ƙwace suke yi, ba sa mayarwa sai an ba su ayaba. Baba ya kurɓi shayi ya ce, "Ashe can ma akwai 'yan kamasho." Maganarsa ta farko ke nan.

Daga nan Auta ya taka zuwa bakin katanga. Wurin ashe a kan wani dogon dutse yake. Ya miƙa wayar, sai ga teku a ƙasa, shuɗi, ba iyaka, yana dukan dutsen yana farin kumfa. Na waiga in ga Baba. Ya juya gefe yana gyara igiyar jakarsa, igiyar da ba abin da ya same ta.

Haka aka yi ta yi. Su shiga mota, mu ga gonakin shinkafa da babura ta taga, su tsaya a wani bakin ruwan. Wani mai farin yashi kamar gari, wani sai an sauka ta tsakanin duwatsu. Duk inda ruwa ya bayyana Baba sai ya sami abin dubawa a tabarma. Amma bai tafi ba. Hantsi ya yi, yaron shagonsa ya kira, ya ce a buɗe yana zuwa. Shayi ya ƙare, ya ce a ƙara. A kowane wuri kuma ina lura da Auta, takalmi a ƙafa, yana tsaye can baya inda yashi ya bushe.

Wurin ƙarshe ba na 'yan yawon buɗe ido ba ne sosai. Direban ne ya ce zai kai shi unguwarsu. Rana ta yi ja a can, mu nan ko azahar ba a kira ba. Jirage ne jere a kan yashi, sirara, kowanne da hannuwa biyu na gora a gefe da gefe kamar gizo-gizo. Wasu mutane na jan koma, mata na jira da robobi. Hayaniyar ta shigo tsakar gidanmu, irin wadda na sani tun ina ƙarama, ko da yaren ba ɗaya ba.

Baba ya ce, "Matso da shi."

Na ɗauka da ni yake, na tura wayar. Ya ce, "Ba ke ba. Auta, matsa kusa da jirgin nan. Waɗannan hannuwan na mene ne?"

Auta ya tambayi direban da yarensu, ya ce don kada igiyar ruwa ta kifar da shi ne. Baba ya ce a nuna masa ɗaurin. Aka nuna. Ya ce a nuna masa idon komar. Aka nuna. Ya gyaɗa kai ya ce ƙananan kifi suke nema. Ya matso har hularsa na taɓa gilashin wayar.

Sai direban ya yi wata magana yana nuna ƙafar Auta. Auta ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, bai fassara ba.

Baba ya ce, "Me ya ce?"

"Ba komai, Baba."

"Ina tambayarka."

"Cewa ya yi tun safe yake kai ni ruwa, ko yatsana ban tsoma ba. Wai ko tsoro nake ji."

"Ka ce masa me?"

"Na ce babana ne bai shigar da ni ba tukuna."

Baba ya ja baya ya ce, "Ai na gaya maka. Idan mun koma."

Iya tana tsugune tana tsince shinkafa, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Malam, yaron nan gemu ya fito masa. Sai ya haifi nasa ɗan ya rasa hannun da zai shigar da shi?"

Baba ya tashi ya shige ɗaki. Na dubi Auta a waya, ya ɗaga min kafaɗa, yana ƙoƙarin murmushi. Na fara shirya abin da zan ce masa, irin su ai ka ga wurare, ai ba a yi asara ba. Sai na ji ƙarar murfin randa. Baba ya fito ba hula, ya naɗe hannun riga, riƙe da kwanon sha cike da ruwa. Ya ajiye shi a gabansa ya zauna.

"Ba ni dattijon nan."

Fuskar direban ta cika wayar. Baba ya ce a tambaye shi ko ubansa masunci ne. Aka ce eh, shi ma ya yi su kafin ya koma tuƙi. Baba ya ce ya nuna tafin hannunsa. Mutumin ya buɗe, ga tsohon tabon igiya ya ratsa shi. Baba ya buɗe nasa ya kara a wayar. Suka tsaya haka, ba mai fassara.

Baba ya ce, "Gaya masa na wakilta shi. Ya kama hannunka na dama ya shigar da kai har gwiwa. Idan ya ji na yi bisimilla ya ɗebo ya zuba maka a ka."

Iya ta yi ƙasa da murya. "Malam, ba Musulmi ba ne fa."

"Ɗaurin aure na ce ya yi? Hannu zai ara min. Bisimillar tawa ce."

Auta ya daɗe yana bayani. Direban ya saurara har ƙarshe. Sai ya cire takalmansa ya jera su, ya gyara ƙyallen kansa, ya sake haɗa tafukansa ya rusuna wa Baba. Aka ba wani mai jan koma wayar ya riƙe. Muka ga bayansu su biyu suna tafiya, dogo da gajere, hannu cikin hannu. Ruwan ya taho ya rufe idon sawun Auta, ya ɗan ja baya, dattijon ya riƙe shi.

Daidai nan hoton ya tsaya cak. Netwok ɗin Lamisula ke nan, ba ya tashi tsiyarsa sai ana tsakiyar abu. Na fizgi wayar zan ɗaga ta sama, Baba ya ce, "Bar ta. Ina ji." Sautin bai yanke ba. Ya karkata kai yana sauraron ruwan, yana zuwa yana komawa. Ya tsoma hannunsa a kwanon, ya ɗaga murya ya yi bisimilla, ya ɗebo ya saki. Sannan ya ce, "Ka ji tsoronsa, amma kada ka guje shi. Haka ubana ya ce min."

Muka ji wata 'yar ƙara, sai tari, sai dariyar mutane da yawa. Da hoton ya dawo Auta ne jiƙe sharkaf, yana goge ido.

"Baba, gishiri ne. Wallahi kamar an yi ɓari a miya."

Baba ya yi dariya har haƙoransa na goro suka fito. Ya ce, "Namu na Cadi sha ake yi." Ni da Iya muka haɗa ido. Rabon da mu ji sunan nan a bakinsa tun muna Baga.

Ya yi wa direban godiya, ya ce a gaya masa idan Allah ya kawo shi Maiduguri akwai kwalin banda yana jiransa. Ya miƙe zai ɗauki hula, sai ya ga sauran ruwa a kwanon. Ya dube ni. Mu mata ba a yi mana wannan abin, ban taɓa ma sa rai ba.

Ya ce, "Uwata, miƙo hannunki."

Na ce, "Baba, jiya fa aka yi min kitson nan."

Ya ce, "Zai bushe." Ya kama hannuna na dama, ya yi bisimilla.