Hannuna a Bencin Baya

Shekara ashirin da uku ke nan da rasuwar maigidana, wanda Kontagora ta sani da Bawa Mai Lasifika. Har yau in na shiga ɗakin taro, bencin baya ƙafata take kai ni.

Ya fara sana'ar tun muna Jihar Arewa Maso Yamma, da amfilifaya ɗaya, na'urar ƙara ƙarfin murya, da batirin mota. Coci, biki, taron manoma, har Auna da Nasko ana kiransa. Ba ya kunna na'ura da isarsa. Sai ya tsaya tsakiyar ɗaki, ya tafa hannu sau ɗaya, ya kasa kunne. In rufin kwano ne da daɓen siminti, ya rage wa murya kauri don kada ta yi rugugi. In ginin laka ne, ya ƙara mata kaifi. Jama'a na cika ɗakin ya sake murɗawa, wai tufafi ma suna shanye magana. Ni kuwa tsiya nake yi masa, ƙato yana tafi shi kaɗai kamar mai korar kaji.

Wajen lokacin da aka ba mu Jihar Neja, kunnensa ya fara nauyi. A wani ɗaurin aure lasifika ta yi ta ihu, mutane na toshe kunne, shi yana murmushi. Da muka koma gida ko tuwo bai taɓa ba.

"Maman Ladi, in gari ya sani, tawa ta ƙare."

"Ba mai sani. Ka riƙa kallona kawai."

Tun daga ranar nake zama a baya. In ɗaga hannu, ya ƙara murya. In taɓa ɗankwali, ya rage kauri. In ajiye hannu a cinya, ya bari haka. Shekara da shekaru ana yabon kunnen Bawa, ni ina haɗiye dariya. Tafin ma bai daina ba, ko da yake ni kaɗai ke jinsa a madadinsa.

Me zai ce da masu lasifikar yanzu, da suke murɗe komai har ƙarshe, a tashi taro tsofaffi ba su tsinci kalma ɗaya ba? Na san ba zai yi faɗa ba, tafi zai koya musu. Amfilifayarsa tsatsa ta cinye ta, kewarsa kuwa ba ta ragu ba.

Makon jiya a bikin jikarmu, muryar fasto ta yi ta rugugi a kwano. Ban san lokacin da hannuna ya kai ga ɗankwali ba. Na daɗe a haka ina kallon gaba, ba wanda ya ɗago ya dube ni.