Jan Hayaƙin da Ya Rage wa Ladaninmu Numfashi

Da ana mayar da hannun agogo baya, yini ɗaya kawai zan roƙa a ba ni: ranar da na toshe tagar ɗakinmu da buhu a Mararaba, na ce wa abokina ya zauna ya tsare mini kwano. Ba zan fake da ƙuruciya ba. A lokacin furfura ta riga ta fito mini a gemu, har na aurar da 'ya.

Sana'ata gwangwan ce. Ina sayen matattun kwamfutoci da wayoyin da ofisoshin cikin gari suka zubar, in farfasa, in ware jan ƙarfe gefe, in kai wa masu awo. Abokin nawa turare da asuwaki yake sayarwa a kan tebur a ƙofar wani ƙaramin masallacin kwano da ke bakin tasha, shi ne kuma ladanin masallacin. Ɗaki ɗaya muka kama, iyalanmu suna gida. Shi Bazazzagi, ni Bakano, saboda haka ba mu taɓa kwana ba tare da wani ya kira wani bawansa ba.

Allah ya ba shi numfashi. In ya ja kiran salla sai ka ɗauka ba zai sauke ba. Kwandastocin da ke ihun Nyanya da Karu sukan sassauta murya har ya gama. Akwai wata mai sayar da abinci a bayanmu, ba musulma ba ce, amma takan ce da gurguwar Hausarta, "Oga ladan, kai ne agogona, in ka yi na asuba ni ya tashi ya ɗora tukunya." Ni kuwa da nake kwana kusa da shi, ban taɓa gaya masa ina son muryar ba. Sai dai in ce ya hana ni barci.

Wani mai sayen kaya a wurina ne ya nuna mini a wayarsa yadda wani Bature ke fitar da zinare daga cikin kayan kwamfuta da ruwan asid, irin wanda maƙeran zinare ke gwada gwal da shi, 'yan boko suna ce masa naitirik. Na ga Baturen ya rufe fuska, yana aiki a gaban wani akwati mai zuƙe hayaƙi. Na ce a raina wannan iyayin Turawa ne. Wanda ya samo mini kwalbar ya ce, "Baba, a fili ake taɓa wannan abin." Na ji shi sarai. Amma ina tsoron idon maƙwabta, kada kowa ya koya ya riga ni, kuma a shekarun can na tsoron bam duk wanda aka gani da kwalba tana hayaƙi, 'yan sanda ake kira masa. Shi ya sa na zaɓi ɗaki, na cusa buhu a taga, na jera tsumma a ƙarƙashin ƙofa.

Bayan azahar ne. Ina zuba ruwan a kan ƙarafan sai ga abokin nawa ya shigo zai ɗan kishingiɗa.

"Bawana, me ake dafawa ba a gayyaci ubangida ba?"

"Zinare. In ya nuna zan saye ka daga hannun Zagezagi, in 'yanta ka."

"Ku Kanawa ko a kashin kaji aka ce akwai riba sai kun tona."

Ruwan ya fara tafasa ba wuta, ya koma kore, wani jan hayaƙi mai kama da ƙurar jar ƙasa ya riƙa tashi. Idona ya yi yaji, maƙogwarona ya kama. Na ce masa zan je in sayo ruwa wurin mai kura, ya kula da kwanon, kada ya buɗe ƙofa. Gaskiyar magana ita ce na kasa jurewa ne, na fita shan iska. Kuma na daɗe a waje fiye da yadda sayen ruwa ke buƙata.

Da na dawo, da ƙyar nake hango shi. Yana zaune a kan tabarma, ya toshe hanci da hularsa, hawaye na zuba.

"Ka ce kar in buɗe," in ji shi, "ban buɗe ba."

Na ja shi waje. Muka yi abin da muka taso muka ga ana yi wa wanda ya sha guba: na sayo madarar gwangwani, mai abinci ta kawo manja a cokali. Ya yi tari, ya wartsake. Matar ta ce a kai shi asibiti, na ce ai ya warware. Ina gudun a tambaye ni abin da muke yi a ɗakin. Ya kira la'asar lafiya lau, ya kira magariba, har ya dube ni ya ce, "Ka ji ko? Huhun Bazazzagi ba irin na masu cin gurasa ba ne."

Washegari da asuba ya fara kira, ya kai tsakiya, sai muryar ta yanke. Duk unguwa ta ji tarinsa ta lasifika. Wani ne ya karɓa ya ƙarasa. Muka same shi a durƙushe, leɓɓansa sun yi duhu, kumfa a bakinsa.

A asibiti likita ya tambaye ni me ya shaƙa. Na ce hayaƙin janareta, hannuwana a cikin aljihu. Wata nas ta ce in fito da su. Yatsuna sun rine rawaya duk inda ruwan ya taɓa, ko sabulu bai fitar ba. Sai a nan na faɗi gaskiya. Likitan bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce wannan hayaƙin ba ya nuna ɓarnarsa nan take, mutum zai yi ta yawonsa alhali ruwa na taruwa a huhunsa. Ya ce madara ciki take zuwa, ba ta san hanyar huhu ba, kuma da jiya muka zo da aikin ya fi sauƙi.

Ya rayu, alhamdu lillahi. Amma numfashin bai dawo ba. Ya gwada kiran salla bayan an sallame shi, sai ya riƙa tsayawa a inda ba a tsayawa. Da kansa ya miƙa wa wani. Tafiya daga ɗaki zuwa teburinsa ta zama aiki, ƙamshin turaren da yake sayarwa ma ya koma sa shi tari. Daga baya ya tattara ya koma ƙauyensu. Duk wanda ya tambaye shi, cewa yake ƙaddara ce. Bai taɓa ambata ni ba.

Har yanzu ina Mararaba. Ladanin yanzu yaron kirki ne, ba shi da laifi, amma kunnena ba ya daina jiran wancan jan. Muna da wayoyi a aljihu duk shekarun nan, ba wanda ya yi tunanin naɗar muryarsa ko sau ɗaya. Wani lokaci ina ƙoƙarin tuno ta, sai in ji tana kuɓuce mini.

Mukan yi waya. Yana magana yana hutawa. Kwanan baya na sake neman gafararsa, ya ce, "Bawana, na yafe tun tuni. Ka daina sa ni maimaitawa, numfashin tsada yake."

Ina ganin samari yanzu suna kallon irin wannan a waya, suna tambayata ina ake samun ruwan. Ina roƙonku, ku da duk wanda ya karanta wannan, ku bar wa waɗanda suka koya kuma suke da kayan aikinsa. Kada ku buɗe kwalbar nan a ɗaki, kada ku sa wani ya zauna kusa da ita saboda ya yarda da ku. In kuma hayaƙin ya riga ya shiga ƙirjin mutum, ko yana dariya, ku kai shi asibiti a ranar, ku gaya wa likita gaskiyar abin da ya shaƙa.