Hamma Bubayero da Tsamin Teku

Yayana Bubayero, wanda muke kira Hamma, bai taɓa riƙe abu ɗaya har ya ga ƙarshensa ba. A ruga aka haife mu, can gefen Kiyawa, amma shanunmu ba su san muryarsa ba, don kullum yana gindin bishiya yana koya wa makiyaya yadda ake kiwo. Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991, Dutse ta cika da ofisoshi masu neman ma'aikata, sai ya tsinci aikin akawu a wani ofishin kula da muhalli. Daga ranar ya daina cewa "a ganina", ya koma "bincike ya nuna".

Shekarar dashen itatuwa shi ne uban itatuwa. An ɗauke shi hoto da dashe ya fi ashirin, ko ɗaya bai koma ya ba ruwa ba. Da shari'a ta zo a 2000, ya tsayar da gemu, ya ɗage wando, ya zo har gida yana yi wa mahaifiyarmu, wadda muke kira Dada, gyaran alwala, matar da take salla tun ba a haife shi ba. Ita kuwa murmushi kawai ta yi, wai ɗanta ya yi ilimi.

A 2005 aka gayyaci ofishinsu taron bita a Legas. Maigidansa ba shi da lafiya, aka tura Hamma cike gurbi. Kwana uku ya yi, ya ga teku sau ɗaya ta tagar mota, ya dawo mana gwanin teku.

Abin haushi, maganar da ya kwaso gaskiya ce. Ni malamar firamare ce, na bi diddiginta daga baya. Hayaƙin fetur da gawayi da masana'antu yana ɗauke da iskar kabon, teku kuma tana shanye kaso mai yawa daga ciki. Idan ta sha, ruwanta yana ƙara tsami kaɗan-kaɗan, halittu masu ɓawo irin su wuri da murjani sai su kasa gina jikinsu yadda ya kamata, kifin da ke rayuwa a cikinsu ya rasa mafaka. Da wani ne ya faɗa, da an saurara. Amma Hamma ne, kuma yana faɗa yana taka babur ɗinsa mai fitar da hayaƙi kamar murhun ɗanyen itace.

A majalisar ƙofar gidansa aka yi masa dariya. Malam Muntaka mai shayi ya ce, "Ranka ya daɗe, mu da ko rafi sai damina muke gani, ina ruwanmu da tsamin teku?" Wannan dariyar ita ta tsaya masa a rai, ya rantse sai ya nuna wa Dutse da idonta.

Dada tana da abu ɗaya tak da take ji da shi: zaren murjani mai ƙwaya arba'in da ɗaya, ja wur, wanda ta gada daga mahaifiyarta. A lokacin yanar ido ta hana ta gani, sai ta zauna a tabarma tana murza ƙwayoyin, ta san kowacce da santsinta. Ta riga ta ce na 'yata Mashkura ne idan aurenta ya zo. Hamma ya je ya ce mata manya za su taru a Dutse, yana so su ga irin kayan da iyayenmu suka bari. Ta kwance ta ba shi tana sa masa albarka. Ni ban sani ba.

Kowace dillaliya a kasuwar Shuwarin ta san yadda ake gwada murjani: ɗigo ɗaya na lemun tsami a kan ƙwaya ɗaya, in ya yi kumfa na gaske ne, a goge nan take. Hamma ya ga ɗigo ɗaya bai kai girman ofishinsa ba. Ranar taron muhalli ya matse lemun tsami cike da kwalba mai faɗin baki, ya zuba zaren gaba ɗaya da ƙarfe goma, lokacin da aka rubuta a katin gayyata, ya lulluɓe da ƙyalle ya ajiye a teburi. Mutumin da ya shekara goma sha huɗu a aikin gwamnati, wai bai san babban baƙo ba ya zuwa ƙarfe goma ba. Ƙarfe biyu ya iso.

Ina zaune a layin baya da malaman makarantarmu, janareto na ta kuka a bakin taga. Hamma ya yi jawabinsa, ya yaye ƙyallen da ƙarfi, ya sa cokali ya ɗago zaren. Na gane shi da ƙullin baƙin zaren da Dada ta yi a ƙarshe. Jan ya dushe, ƙwayoyin sun rame sun yi kaushi, wasu sun fara ɓarewa ta wajen huda.

"Haka muke yi wa teku!" in ji shi. Aka yi tafi. Babban baƙo ya miƙa masa takardar yabo.

A waje na tare shi. Na ce, "Hamma, na Dada ne fa."

Ya ce, "Hindatu, ba za ki gane ba. Wayar da kai sai da sadaukarwa."

Ban taɓa raina mutum kamar yadda na raina shi a wannan rana ba, kuma har yau ban fasa ba.

Ran Asabar muka je ruga. Ya sa mata zaren a hannu. Ta murza ƙwayar farko, ta biyu, ta uku, ta tsaya.

"Bubayero, wannan ba nawa ba ne. An musanya maka, ɗana. Mutanen birni sun ga kana da kirki sun cuce ka."

Na zuba masa ido, na ba shi lokaci. Ya gyara zama ya ce, "Ana kan bincike, Dada."

Na buɗe baki, sai na ga yadda take shafa kansa tana ba shi haƙuri, na kasa. Ta ajiye zaren a gefe, ta ɗaga hannu biyu sama.

"Wanda ya raba ni da kayan uwata, ban yafe ba. Allah ya isa tsakanina da shi."

Hamma Bubayero ya shafa fuska ya ce, "Amin."